Wasiƙa zuwa Tuboro: dakata da sayen CDI tukuna

Garwa, unguwar Yelwa
Cikin watan Agusta

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya damina, ya haƙurin nisa? Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa na sauka yadda ake so, Binuwai ya cika, masara ta fara shigowa kasuwa.

Saƙonka na murya ya iso mini a gutsuttsure saboda rashin rezo, wato sabis ɗin waya, a wajenku, amma na tsinci abin da ake bukata. Ka ce ka ƙetare mayo, wato rafi, da babur bayan ruwan la'asar, ya kai ka gida lafiya, da gari ya waye ya ƙi tashi. In ka danna sitata sai ka ji ƙas, shi ke nan. Ka yi ta buga kik har ƙafa ta gaji, ko tari bai yi ba. Wani mai gyara a kasuwa ya dube shi daga tsaye ya ce CDI ne, wato akwatin da ke sarrafa tartsatsin kunna inji, kai kuma ka ce in saya in aiko maka. To, ban saya ba, kuma kada ka ji haushi. A cikin ƙunshin da direba zai miƙa maka akwai ƙaramar mitar awon wuta, da sabon buji, wato fulogi, da hular buji, da fiyus, da guntun sanfefa. Ta Ngaundare zai zagayo, don hanyar Colire ba ta biyuwa da daɗi a irin wannan lokaci.

Dalilina shi ne, wanda bai auna komai ba ba shi da hanyar sanin CDI ne ya mutu. Akwati ne a rufe ruf, an cika cikinsa da roba, ido ba ya ganin lafiyarsa ko ciwonsa. Mu masu wannan sana'a sai mun wanke kowa daga zargi sannan muke kama shi. Ga shi kuma iri biyu ne. Akwai wanda yake samun wutarsa kai tsaye daga koyil ɗin cikin inji, ana ce masa AC, shi babu ruwansa da batir. Akwai kuma DC, wanda sai batir ya ba shi volt 12 sannan ya yi aiki. A ido sukan yi kama, wani lokaci har soket ɗinsu ɗaya, amma in ka sa wannan a gurbin wancan ba za ka ga tartsatsi ba, kana ma iya ƙona sabon. Saboda haka ka tuna mini abu ɗaya: a da, in batir ya yi sanyi har hon ya daina ƙara, babur ɗin yakan tashi da kik? In yakan tashi garau, to galibi naka AC ne, kuma matsala biyu ke gare ka, ta sitata daban, ta tartsatsi daban. In kuwa ba ya tashi sai da batir mai rai, watakila duk ciwon guda ne.

Fara da batir. Kunna makulli ka danna hon, ka duba fitilar nutural. In babu ko ɗaya, buɗe murfin gefe ka nemi fiyus a kan jar wayar da ta fito daga batir, yawanci na ampiya 10 ne ko 15. In ya tsinke ka sa wanda na aiko. Amma in sabon ma ya tsinke nan take, to wata waya ce ta ɗaye tana taɓa ƙarfe, nemanta za ka yi. Don Allah kada ka bari kowa ya naɗa maka takardar kwalin taba ko zaren waya a gurbin fiyus. Na sha karɓar baburan da wayoyinsu suka narke tun daga batir har kan sitiyari saboda wannan dabara, kuma gyaran yakan ci kuɗin fiyus ɗari.

Daga nan ɗauko mita, ka juya ta zuwa DC 20, jan tsinke a kan alamar tarawa, baƙi a kan alamar ɗebewa. Batir mai lafiya da ya kwana a ajiye yana nuna 12.6 ko kusa da haka. In ka ga ƙasa da 12, ya yi rauni ƙwarai. Sai dai wannan awon kaɗai yana yaudara, don batir mai gab da mutuwa yakan nuna lamba mai kyau in ba a ɗora masa kaya ba. Bar tsinkayen a kai, ka sa yaro ya danna sitata. In lambar ta faɗo ƙasa da 10, batir ne. In kuwa ta tsaya cak a 12 da wani abu, ƙas ɗin nan kuma yana nan, to batir ba shi da laifi, wutar ce ba ta samun hanya.

A nan nake so ka zauna ka natsu, don nan ne yawancin baburan damina suke maƙalewa. Ka san yadda masu albasa suke ban ruwa a lambu: ko rijiya ta cika, in ƙasa ta toshe kwari a wuri ɗaya, fangalin ƙarshe ba zai ga ɗigo ba. Wuta tana fita ta jar waya, ta yi aikinta, sannan dole ta dawo batir ta jikin shasi. Mutane suna bin hanyar tafiya su manta ta dawowa. Kwance kawunan batir, ka fara da na ɗebewa, ka goge farin garin nan da tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Bi baƙar waya mai kauri zuwa inda aka ɗaure ta a jikin inji ko shasi, wato mas, ka kwance, ka kankare, ka ɗaure tam. Akwai kuma koriyar waya siririya, ita ma mas ce a mafi yawan baburan Sin masu injin 125 irin naka, galibi tana ɗaure kusa da bobin, wato koyil ɗin da ke tura wuta zuwa buji, a ƙarƙashin tanki. Laka da ruwan mayo nan suke son kwanciya. Sannan ka zare soket-soket ɗaya bayan ɗaya, ka hure, ka shanya su a rana. In ka ga kore-kore a kan haƙoransu ka kankare da bakin allura. Ɗaya bayan ɗaya na ce, kada ka zare duka ka rasa wanne ne na ina.

In batir ɗin ne ya yi sanyi, a yi masa caji a hankali. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: mai lamba 7Ah ana ba shi kamar ampiya 0.7, ya kwana a kai. Na san a can kowa da farantin sola yake caji, to kada a haɗa shi kai tsaye ba kwantirola, don farantin yana iya kai volt 18 zuwa sama da rana tsaka. Kana iya jan wuta daga batirin ƙaramar mota matuƙar injinta a kashe yake. Manyan motocin da ke wucewa Mundu kuwa ko direban ɗan uwanka ne ka ce masa na gode, volt 24 gare su. In batirinka mai ruwa ne ka duba ko ya ƙafe, zafin Maris da Afirilu yana shanye shi. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba.

Yanzu tartsatsi. Ja babur inuwa don ka gani da kyau. Kwance buji, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina zarensa da kan inji, nesa da ramin da ya fito kuma nesa da mai. Kunna makulli, a buga kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙara tas-tas shi ake nema. Ja-ja ko rawaya mai rauni ba zai kunna mai a cikin inji ba. Gwada sabon bujin, tazarar bakinsa kamar milimita 0.7. In shiru, murɗe hular ta fita daga waya, ai murɗa ta ake yi, ka riƙe wayar da busasshen tsumma kamar rabin santimita daga inji, a sake bugawa. In wuta ta yi tsalle, hular ce ta sha ruwa ko ta tsage. Yanke santimita ɗaya daga bakin wayar ka murɗa sabuwar.

In har yanzu babu komai kuma naka AC ne, ga gwajin da mai gyaran kasuwa ya kamata ya fara yi kafin ya ambaci kuɗi. A soket ɗin CDI akwai waya baƙa mai farin layi. Aikinta kashe inji: in ka kashe makulli, ita ce ake haɗawa da mas sai tartsatsi ya ɗauke. To in ruwa ya shiga gidan makulli, ko maɓallin kashewa na hannu in naka yana da shi, yakan yi wannan haɗin da kansa, sai babur ya zauna a kashe alhali makulli na kunne. Zare wannan wayar ita kaɗai ka buga kik. In tartsatsi ya dawo, ka gano ɓarawonka, shanya gidan makullin kawai za ka yi. Ka sani dai muddin wayar tana zare makulli ba zai kashe injin ba, sai ka sa giya ka taka birki ka saki kuloci. In naka DC ne kuwa, sai ka auna ko volt 12 yana isa soket ɗin da makulli a kunne.

Abin da ya rage bayan wannan shi ne koyilolin cikin inji da bobin. Juya mita zuwa ohm, ka auna baƙa mai jan layi da mas in naka AC ne, sannan shuɗiya mai farin layi da mas. Kowacce ta nuna lamba. Sifili ko rashin motsi gaba ɗaya alamar mutuwa ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami ɗan kalando, wato ɗan acaɓa, mai babur irin naka sak, ka auna nasa ka kwatanta. In mutumin kirki ne ma ya ara maka CDI ɗinsa na minti biyar, a nan ne za a san gaskiyar maganar mai gyara, ba tare da ka fitar da ko dala ba.

In kuma ka ga tartsatsi shuɗi lafiyayye amma ya ƙi tashi, to ka bar waya ta huta. Kwance dunƙulen ƙasan kabireta ka tsiyaye man a kwalba, ruwa zai kwanta a ƙasa in akwai. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, wato man bumburutu, ya yi tsada, masu gauraye kuma suka ƙaru, ga ruwan mayo da ka shiga.

Zatona, in ka tambaye ni, mas ne da gidan makulli. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da ka zo Sallah ka yi ƙorafin ƙwan fitilarka yana yawan ƙonewa. In Allah ya sa ya tashi, kada murna ta sa ka ajiye mita. Ɗora ta a kan batir ka ɗan murɗa totur: tsakanin 13.5 da 14.5 shi ne daidai. In ta haura 15, regileta ce take dafa maka batir tana ƙona ƙwai, kuma ko sabo ka saya haka za ta cinye shi. In ba ta wuce 12 da ɗoriya ba, caji ne ba ya shiga.

Ka rubuta mini lambobin da ka gani a kowane awo, ka ɗauki hoton soket ɗin CDI yadda launin wayoyin zai fito, ka turo ranar da ka shiga Mbaimbum ko duk inda rezo ya kama. In ya tabbata shi ne, direban nan yana komawa, zan ba shi daidai irin naka. Mitar kuma ka riƙe, na bar maka, sai dai ka riƙa kashe ta bayan aiki don ƙaramin batirinta ba ya jimiri.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan yara. Mutanen gareji duk suna gaishe ka, Inna kuma ta ce in tuna maka alkawarin zumarta.

Wassalam,
Amininka na Garwa