Kafin Ka Kai Min Amarya Bakin Kogi

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki, ya zafin garinku? Mu nan sai godiya. Ƙafar Innarku ta yi sauƙi tun da aka sauya mata magani, har ta koma zuwa islamiyya. Kuɗin gyaran rufin soro sun iso, Allah ya yi maka albarka.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. A bakin Innarku na ji, ita kuma a bakin matarka, cewa har kun ba da kafin alƙalami a wani sansanin yara, za ku kai su biyun idan an yi dogon hutu, su yi mako biyu suna kwana a daji. Ranar Juma'a mun yi waya da kai, ka tambaye ni farashin taki, ka tambaye ni jikin Baffanka, wannan kuwa ko da wasa ba ka ɗauko ta ba. Ka san abin da zan ce, shi ya sa ka zagaya ta ɗakin mata. To, zan faɗa, kuma a rubuce, domin a waya kana da dabarar nan taka ta "to Baba, in sha Allahu" har magana ta mutu a kwance.

Kada ka ɗauke ni tsohon da bai san abin ba. Na yi shekaru ina fita da 'yan Sikawut zango, na ga yaron da ba ya iya wanke kofin da ya sha shayi ya dawo yana kafa tanti yana hura wuta. Na san a Amurka al'ada ce da ta haura shekara 100, yaro ya bar gida a hutun zafi ya koyi iyo da tuƙin kwalekwale da gyaran gadonsa, a raba shi da wayar nan da ta cinye musu ido. Na kuma san Musulmin can suna da nasu, ƙungiyar matasan nan ta MYNA tun 1985 take. An ce min inda kuka zaɓa akwai abincin halal, ana kuma tsayar da salla. Madalla. Ta wannan ɓangaren ban taɓa shakkar ka ba.

Ruwan ne, Babana.

Innarku ta nuna min hoton da matarka ta turo mata. Ita yara take kallo suna dariya cikin rigunan ruwa, ni kuwa bayansu nake kallo: ɗakunan katako a jere, ga kogi nan kusa da su kamar ka miƙa hannu. Ta ce wajen tsaunuka ne, tafiyar wasu sa'o'i daga Houston. Tun daren nan barcina ya zama rabi.

Kai kana Texas ranar Juma'a 4 ga Yuli, 2025, ni a rediyo na ji, amma da alama na fi ka riƙe abin. Kogin Guadalupe ya tashi kimanin ƙafa 26 cikin minti 45, da asuba, kafin gari ya waye. Ka auna wannan da katangar gidanmu, ka ɗora wata a kanta, ka ƙara wata. Sansanin 'yan mata na Camp Mystic, a gundumar Kerr, ba na jiya ba ne, tun 1926 yake, uwaye sun kwana a can kafin 'ya'yansu. Yara da masu kula da su 27 suka rasu, da yawansu 'yan shekara 8 da 9, sa'annin amaryata. Shugaban wurin ma ruwan ya tafi da shi yana ƙoƙarin fitar da su. A yankin gaba ɗaya mutum sama da 130. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin ambaliya tun ƙarfe 1:14 na dare, amma a lokacin gundumar ba ta da jiniyar da za ta tashi mai barci. Kuma kwana 2 kacal kafin nan jami'an jiha sun je sun duba sansanin, sun sa hannu.

Wannan na ƙarshen nake so ka tauna, domin na san ka da takarda. Za ka ce min wurin yana da lasisi, yana da shaidar ƙungiyar sansanoni ta ƙasa. Wancan ma takardunsa na gwamnati a cike suke. Matsalar a ƙasar wurin take. Tsaunukan nan dutse ne a ƙarƙashinsu, turɓayar da ke kai ba ta da kauri, ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya gangaro gaba ɗaya cikin kwari. Yana iya zuba a can sama inda ba ka gani, kai kana kwance a ƙasa. Kuma ba farau ba ne: a 1987 kogin nan dai ya ci matasa 10 kusa da garin Comfort, su ma daga sansani ake fitar da su. Na ji daga baya majalisar jihar ta yi doka kan ɗakunan kwanan yara da ke hanyar ambaliya. Allah ya sa ta yi amfani. Amma ni ban ga doka a hoton nan ba, kogi na gani da ɗaki.

Kuma wa ke kwana da su? 'Yan mata ne da samari da suka gama sakandare ko suke jami'a, 'yan 18, 'yan 19. Ban raina su ba, a cikinsu akwai waɗanda suka ba da ransu a daren nan. Amma yarinyar da ita ma jiya aka daina tashinta makaranta, ita za ta yanke shawara cikin duhu, wuta ta ɗauke, ruwa na shigowa ta ƙofa, yara goma na kuka? An kuma ce ana karɓe wayoyin yara a bakin ƙofa. Wato in abu ya faru, amaryata ba ta da yadda za ta kira ka, kai ma ba ka da yadda za ka ji muryarta, sai dai ka tsaya a layin iyaye kana jiran a karanto suna.

Ba sai na tuna maka abin da ruwa ya yi mana a gidan nan ba. Kana da wayo lokacin. Ka ga yadda Innarku ta koma, har yau ba ta bin hanyar bayan masallaci in damina ta faɗi, kuma ka san sunan wa ka sa wa babban ɗanka. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, na yarda. Amma kai fa? Kai da ka kira ni daga saman bene a 2017, lokacin guguwar Harvey, da jaririya a hannu, kana cewa in sa a yi muku addu'a? Jaririyar nan ce za ka ɗauka da hannunka ka ajiye a bakin kogi?

Na san amsar da ke bakinka, ka daɗe kana ajiye da ita: ai ni na ɗora ka a mota da akwatin ƙarfe da garin kwaki kana shekara 11. Haka ne, kuma da za a maimaita zan sake. Kai karatu na kai ka nema, babu sakandare a garinmu a lokacin, da ban kai ka ba da yanzu ba ka inda kake. Shugaban makarantar tare muka yi kwalejin horon malamai, malamin da ke kula da ɗakinku na san gidan ubansa. Kafin in bar ka sai da na zaga har rijiya da bayan gida. Kai wace tilas ce ta kama ka? Makarantarsu tana bayan gidanku. Faɗa min gaskiya, don yaran ne, ko don 'ya'yan abokan aikinka suna zuwa kar a ce naka ba su je ba? Ko kuwa hutu kuke nema kai da ita? In hutu ne, ban taɓa jin inda aka haifi ɗa sannan aka nemi hutu da shi ba. Ka kuma biya kuɗi kan wurin da a allon kwamfuta kawai ka gan shi, abin da ko akuya ban koya maka saye haka ba.

Na yi zafi, bari in sassauta. Na san ku biyu aiki kuke yi, hutun can kusan wata uku ne, ba kaka, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za a ce "ga su nan, zan dawo". Mu a nan yaro ba ya rasa idon da ke kansa, ku kuwa da kuɗi kuke sayen wannan idon. Matarka tana ƙoƙari, ka gaya mata ni na ce. Da zamanin da ne sai in ce ka turo min su, magana ta ƙare. Amma ba zan yi maka wannan cika bakin ba. Ƙanƙara nan kusa da mu take, a Disambar 2020 aka kwashi yara sama da 300 daga ɗakin kwanansu, bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka yi na Jangebe. Ni kaina na hana a kai 'yar Yayarka makarantar kwana. Don haka kada ka ce ƙasar Turawa nake ƙi. Ko'ina ne, yaro ƙarami ya kwana inda ubansa bai taka ba, ba na so.

Ga hukuncina, in har ina da sauransa a gidanka. Amaryata ba za ta je bana ba. Shekara 9 ba ta kai ba. Akwai irin na yini, a kai ta da safe a ɗauko ta da yamma, ta koyi iyon a can, wannan kam ina goyon baya, dukansu su iya ruwa sosai. Kafin alƙalamin nata in ba za su mayar ba, ka cire a cikin abin da kake aiko min.

Shi babban, mai sunan, ya kai 13, ba zan ɗaure shi a gindin uwarsa ba. Amma sai ka tuƙa mota ka je da kanka, ka tsaya a ƙofar ɗakin da zai kwana, ka dubi kogi, ka dubi tudu, ka taka da ƙafarka ka ji minti nawa ne tsakani, sannan ka ƙiyasta tafiyar nan cikin duhu da ruwan sama. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, tana da taswirar wuraren ambaliya a intanet, ka sa adireshin wurin ka gani. Ka tambaye su wane babba ne yake zama a farke da dare, da me gargaɗi yake iso musu in layin waya ya ɗauke, kuma ko ana gwada wa yara hanyar gudu a ranar farko. Ka dubi fuskar mai ba ka amsa. In ya fara yi maka murmushi yana cewa ba a taɓa samun matsala ba, ka ɗauko ɗana ku dawo. In ɗakin a tudu yake, amsoshin kuma suka kwanta maka, ka ɗauko min hoto daga ƙofar zuwa ruwan, ni da kaina zan sa masa albarka ya tafi.

Innarku ba ta san na rubuta wannan ba, kada ka kira ta kana ƙorafi, kuma kada ka ga laifin matarka don ta faɗa. Ni za ka kira, ranar Asabar bayan isha'inmu. Ka ce wa amaryata angonta yana nan yana jiran ta, kuma har yanzu ban ga hoton haƙorin da aka ce ya fita ba. Baffanka yana gaishe ka, a kawo masa man zafin nan in an samu mai zuwa.

Allah ya tsare ku, ya raya mana su.

Mahaifinka.