Kafin a ja igiyar tsohon inji

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu sayen tsofaffin ƙananan injuna, na ban ruwa ne, na niƙa ne ko janareta, da niyyar farfaɗo da su. Da yawa daga cikin irin waɗannan injuna ranar farko ake kashe su: a zuba fetur, a hau jan igiya, ba a duba komai ba.

Injin da ya yi shekaru a ajiye, cikin silindarsa a bushe yake, wani ma har da tsatsa. A fara cire filogi, a zuba baƙin mai cokali ɗaya ta ramin, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu. In ya ƙi motsi, fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, ya kama ke nan. A haɗa kananzir da baƙin mai rabi da rabi a zuba, a ba shi mako guda ana ɗan girgiza shi gaba da baya. Masu sa dogon bututu a jikin sifana su danna da ƙarfi, zoben fistin suke karyawa, ko su lanƙwasa sandarsa. Tsohon baƙin mai kuma a juye shi a kwano a duba da kyau. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. In ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe, akwai abin da ke cin ɗan'uwansa a ciki, sai an buɗe. Ƙaramin injin nan Honda GX160 kusan lita 0.6 na baƙin mai yake sha, ba a cika masa fiye da haka.

Sai wuta. Tazarar bakin filogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce a yawancinsu. Injunan Briggs & Stratton da aka ƙera kafin 1982 da kwantak da kondansa suke aiki, wato kayan da ke sa filogi ya ba da wuta, waɗanda ke ɓoye a ƙarƙashin babban gargaren ƙarfen nan da igiya ke juyawa. Galibi datti ne kawai ya rufe bakin kwantak ɗin. A goge shi, a saita tazararsa milimita 0.5. Wajen cire gargaren ake ɓarna, domin masu dukan kan shaf, wato sandar ƙarfen da gargaren ke zaune a kai, da guduma suna murje zaren noti. Akwai abin zaro shi, a nema. Ɗan makullin da ke riƙe gargaren da shaf na alminiyom ne, kuma da gangan aka yi shi mai taushi, don in inji ya tsaya da ƙarfi shi ya karye a madadin shaf. Ko kaɗan ya goce, lokacin ba da wuta ya sauya, injin ya riƙa fizge igiya daga hannu. Kada a maye gurbinsa da ƙusa.

Kabureto ba ya buƙatar dogon bayani. Tsohon fetur yana bushewa ya zama ƙaro ya toshe jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kabureto, shi ya sa za a ga inji ba ya tafiya sai an rufe cok. A jiƙa jet ɗin, a bi raminsa da silin wayar tagulla mai laushi. Allura faɗaɗa ramin take yi, daga nan sai baƙin hayaƙi da shan mai. Tazarar bawul ɗin GX160 ana saita ta inji na sanyi, ta bawul ɗin shigar iska milimita 0.15, ta na fitar hayaƙi 0.20.

Inda muka fi ganin asara shi ne a manyan tsofaffin injunan gas, wato dizal, na Ingila, irin Lister CS mai ƙarfin doki 6 da ke juyi 650 a minti. Notocinsa na tsarin Whitworth ne, wanda aka fito da shi tun 1841. Kusurwar zarensa digiri 55 ce, ta notocin milimita kuwa 60, don haka in aka tilasta wa ɗaya shiga ɗaya, duka biyun sun tashi aiki. Lambar da ke jikin sifanar Whitworth ma kaurin ƙusar take nufi, ba faɗin kan notin ba. Duk notin da aka kwance a adana shi, ko ya yi tsatsa, domin samun irinsa sai an sha wuya. Kafin a tayar da shi a fitar da iska daga bututun gas, a duba gargarensa ko akwai tsagewa, a tabbata makullansu sun zauna daram. Kada a taɓa gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, don ƙara masa gudu, gargaren ƙarfen zubi ne, yana iya tarwatsewa. Mai gwada nozul ɗin da ke fesa gas cikin silinda kuma ya kawar da hannunsa, feshin yana huda fata.

Game da tsatsar sifanu, matsi da sauran kayan aiki, sanfefa tana cinye lamba da tambarin maƙera. Gara a narka sodar wanki cokali ɗaya a kowace lita 4 ta ruwa cikin bokitin roba, a haɗa baƙar wayar cajar batir da kayan, jar kuma da wani guntun baƙin ƙarfe, a tsoma su duka cikin ruwan, kada su taɓa juna. A yi a sarari, saboda iskar da ke tashi tana kama wuta. Bayan kwana ɗaya a wanke, a busar nan take, a shafa mai.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran ƙananan injuna.