Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Daga Ofishin Sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawa, da sauran 'yan'uwa masu shaguna.

An gudanar da tarurrukan wata-wata na ƙungiyarmu ta masu shaguna kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Kowa shaida ne cewa tun ƙarancin tsabar kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, ciniki a Kasuwar Wunti ta Bauchi bai koma yadda muka san shi ba. Mai sayen mudun shinkafa yanzu waya yake cirowa ya nemi lambar asusu, matan aure kuma su aiko yaro ya karɓi kaya sannan su turo kuɗin daga gida. Rigimar canji ta ragu, fargabar tashi daga kasuwa da kuɗi a aljihu ma ta ragu, amma alat na bogi da taransifar da ke maƙalewa sun jawo wa da yawa daga cikinmu asara.

Wannan ne ya sa muka shirya bitar da aka yi bayan babbar salla, wadda a ganina ita ce aiki mafi amfani da ƙungiyar nan ta yi a 'yan shekarun nan. Wuri ya cika har wasu suna tsaye a bakin ƙofa. An zaunar da kowane dattijo kusa da matashi ɗaya, aka nuna masa a wayarsa yadda zai buɗe manhajar OPay, Moniepoint ko ta bankinsa ya ga shigar kuɗi da idonsa, masu ƙananan wayoyi kuma aka koya musu duba asusu ta hanyar danna lambobi. An nanata cewa hoton rasit a wayar mai saye ba biya ba ne, saƙon tes ma ana iya ƙirƙirarsa, don haka kada a saki kaya sai kuɗi sun zauna a asusu. An kuma gargaɗi kowa kada ya karanta wa wani lambar sirrinsa ko lambar da ake turowa ta waya, domin babu bankin da ke kiran mutum ya tambaye shi su. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ganin iyayenmu da a da suke mayar da mai taransifa, yanzu sun liƙa lambar asusu a jikin kanta. Muna godiya ga matasan da suka rufe shagunansu ranar don wannan hidima, Allah Ya saka musu da alheri.

Game da rajistar masu na'urar POS da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta wajabta a 2024, na ji ƙorafin cewa shugabanni sun yi sakaci. Gaskiyar magana ita ce an amince a yi ta a tare domin a rage wahala, aka buɗe littafi, amma akasarin waɗanda suka rubuta suna ba su kawo takardu ko kuɗi ba har wa'adi ya wuce. Haka aikin sanya sola don cajin wayoyi da na'urori ya tsaya a kan sayen batir, saboda farashi ya tashi kuma asusun ƙungiya bai kai ba. Harajin naira 50 da aka fara cirewa a manhajoji irin su OPay da Moniepoint a ranar 1 ga Disambar 2024, idan kuɗin da ya shigo ya kai naira 10,000, na gwamnatin tarayya ne, ƙungiya ba ta da hannu a ciki.

Maganar kuɗin wata ita ce ta fi damuna. A da uzurin shi ne ba a samu zuwa taro ba, ko babu canji a hannu. Yanzu ƙungiya tana da asusu, lambarsa tana saman zaurenmu na WhatsApp, amma har yau ma'aji yana bin shago-shago yana barin nasa cinikin. Akwai mambobin da ba a ganinsu sai ranar da wani ya damfare su, sannan su zo neman ƙungiya ta shiga magana. Wannan bai dace ba, kuma waɗanda ke biya a kan lokaci sun fara gajiya.

Za a karanta sunayen waɗanda ake bi bashi a taron Janairu, kuma duk wanda ya biya kafin ranar ya tura wa ma'aji rasit domin a cire sunansa. Da abin da aka tara za a ci gaba da aikin sola, in Allah Ya yarda.

Wassalam.
Sakatare