Zuwa ga Hajiya mai turaren wuta, kan mahaɗin da aka goge

Assalamu alaikum Hajiya,

A taron bitar masu sana'a a intanet kin tashi gaban jama'a kin yi mini tambaya, lokaci ya ƙure ban ba ki amsar da ta gamsar da ni ba. Kin ce wata jarida ta taɓa buga labarin sana'arki har ta sa mahaɗi, wato link ɗin da ake dannawa, zuwa shafinki, daga baya ta sauke labarin, tun daga nan kuma in an nemi turaren wuta a Google ba a ganinki a sahun gaba. Kin tambaya ko gogewar ce sila, kuma ko ki sayi wasu mahaɗan ki cike gurbin. Tunda a bainar jama'a kika tambaya, a nan zan amsa, don na san ba ke kaɗai abin ya dama ba.

E, tana iya zama sila. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, a kan wannan tunani suka ɗora shi: duk shafin da ya yi nuni zuwa naki, tamkar ya tsaya miki shaida ne. Lissafin nasu, PageRank, ba ƙirga shaidu kawai yake yi ba, yana duba wane ne mai shaidar. Kin san yadda abin yake a Kantin Kwari. In babban ɗan kasuwa da kowa ya yarda da shi ya ce wa baƙo "je wurin wance, kayanta na da kyau", maganarsa ɗaya ta fi ta 'yan talla hamsin da ba a san asalinsu ba. Jarida mai suna irin wannan mutumin ce. In shafinki ƙarami ne, kuma ita ce babbar shaidar da kike da ita, rashinta zai taɓa ki, musamman shafin da mahaɗin ya nufa kai tsaye. Wanda ke da ɗaruruwan mahaɗai masu kyau kuwa ba zai ma ji ba.

Sai dai kafin ki ɗora wa jaridar laifi, duba lokaci. Google ba ya sanin an goge mahaɗi a ranar da aka goge shi, sai gizo-gizonsa, wato manhajar da ke bin shafuka tana karanta su, ya sake zagayowa kan wancan shafin, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Sannan ba kowane mahaɗi ne ke ɗauke da nauyi ba tun farko. A 2005 aka fito da wata alama da ake liƙa wa mahaɗi mai ma'anar "kar a bi", manyan shafuka da yawa kuma suna sa ta, ciki har da Wikipedia. In na jaridar irin wannan ne, yawancin abin da kika rasa masu karatun da ke biyo shi ne, ba matsayi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ki tambaya ba. Kin ambata a taron cewa an sabunta miki shafi bara. Sau da yawa na ga mai shafi yana kukan an goge masa mahaɗi, muka duba, ashe mahaɗin na nan daram, ƙofar gidansa ce aka sauya. Wanda ya yi aikin ya canza adireshin shafukan, bai bar wata sanarwa a tsohon wurin ba, duk wanda ya biyo tsohuwar hanya sai ya tarar da 404, wato babu kowa a gida. Shaidun suna ta nuni, amma kango suke nunawa. Maganinsa ba wuya: a sa umarnin 301 da zai karkatar da tsohon adireshi zuwa sabon da ya dace da shi, nauyin sai ya biyo. Ki buɗe Search Console, kayan aikin da Google ya tanadar wa masu shafuka, kyauta ne, ki duba sashen mahaɗai da jerin shafukan da ba a samu ba. Ina kyautata zaton a nan za ki ga ɓarnar.

Batun saye kuwa, don Allah kar ki fara. Masu tallar mahaɗi dubu a kan 'yan kuɗi kaɗan suna zuba su ne a shafukan da ba mai karantawa. A Afrilun 2012 Google ya fito da wani tsarin tantancewa mai suna Penguin don farautar irin wannan, shafuka da yawa suka dulmiye, har a Oktoban shekarar ya buɗe wa mutane hanyar barranta daga mahaɗan da suka tara da hannunsu. Daga 2016 Penguin ya koma yin watsi da su kawai, amma har yanzu ma'aikatan Google na iya hukunta shafi da kansu in abin ya yi yawa. Mafi sauƙin abin da zai same ki shi ne asarar kuɗin. Kuɗin da kika haɗa da hawi da sandal da gumin goshinki bai cancanci haka ba.

Ita jaridar, rubuta wa editan cikin ladabi ki tambaya. Wani lokaci gyaran rumbunsu ne ya hallaka tsoffin labarai ba da niyya ba, kuma sukan mayar. In sun ƙi, ki bar su. Ki zauna ki rubuta abin da ke kaɗai kika sani: yadda ake bambance turare mai kyau da na algus, yadda ake ajiye humra ta daɗe ba ta juya ba. Irin wannan ne masu rubutu kan aure da kayan amare ke nema su nuna wa masu karatunsu.

Ki tambayi wanda ya sabunta miki shafin ko ya ajiye jerin tsoffin adireshin. In yana da shi, ki zo da shi zaman bita na gaba mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya sa wa kasuwa albarka.

Naki,
Malamin bita