Agogon Baba ba jinina yake sha ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili kan maganar nan da ake yawo da ita wai agogo otomatik da jinin mutum yake aiki, har wani dattijo a majalisarmu ya ce in cire nawa kar ya tsotse ni in rame.

Nawa Seiko 5 ne, marigayi Baba ya sayo shi a Makka. Ba batir ba jini. Wani ƙarfe ne mai kamar rabin wata a cikin bayansa, kana motsa hannu yana juyawa yana yi wa sifirin ɗin da ke ciki wani, wato yana naɗe shi, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfi a hankali wani ɗan wili yana bugawa sau 6 duk sakan ɗaya. In ya yi wajen awa 40 ba motsi sai ya tsaya. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana 3 ya tsaya cak a hannuna, uwargida ta ce ka gani ko, jininka ya yi ƙasa. Ni kuwa na san kwanciyar ce kawai, hannun ko kofi ba ya ɗagawa.

Amma fa gaskiya agogon nan yana bin halin mai shi. Ranar da na wuni zaune a shago bai samu wani sosai ba lokacinsa sai ya rikice, haka yadda na kwantar da shi da dare, fuska sama sai ya ɗan yi gudu, a gefe kuma sai ya ja baya, yadda nauyin wilin ke kwanciya ne ke sauyawa. Ko na Suwizalan masu takardar COSC, wato shaidar hukumar gwajin agogo ta ƙasar, sai an gwada su kwana 15 a kwanciya iri 5, kuma an yafe musu lattin sakan 4 ko gudun sakan 6 a rana, balle namu da ke shan gargada a kan babur.

Wanda ya fi ba ni wahala maganaɗisu ne. Na saba ɗora shi kan sifikar rediyo in zan kwanta, sai ya kama gudu kamar an koro shi, na dinga isa masallaci kafin ladan ina mitar an makara. Na kai wa mai gyara a bakin kasuwa ina tsoron zai ce a sauya inji, ko buɗe shi bai yi ba, ya ɗora shi kan wata ƴar na'ura ya danna ya miƙo min, ya ce Alhaji ka raba shi da rediyo da waya.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya