Takardar Koke Kan Kekunan Haya Masu Caji Da Aka Zuba A Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, mu magidanta da iyaye mata da malaman Islamiyya na wannan unguwa ne muka kawo kukanmu gabanka, a kan kekunan haya masu caji da wani kamfani ya jera a bakin titi, daura da masallacin Juma'a.

Ba mu zo neman a kwashe su ba, domin sun yi mana rana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai lokacin da ta haura 1,000, kuɗin adaidaita sahu ma ya bi bayanta. Yanzu ɗalibi zai haska lambar jikin keken da wayarsa, makulli ya buɗe, ya isa makaranta da kuɗi kaɗan. Hayar keke kuma ba baƙuwarmu ba ce, da yawanmu a wurin mai haya muka koyi tuƙi. Sai dai mai hayar da muka sani yana zaune a kan bencinsa, ya san ɗan gidan wa ya hau, in ka yi ɓarna kafin magariba magana ta kai kunnen mahaifinka. Wannan kuwa ko fuskarsa ba mu taɓa gani ba, sai lambar waya da aka manna a jikin ƙarfe.

Yara 'yan shekara 12 zuwa 13 ne ke hawa da rajistar yayyensu, su uku a kan keke ɗaya, suna tsere a lungu. Abin ba shi da ƙara kamar babur, sai dai ka ji iskarsa ta wuce ka, shi ya sa masu ƙwacen waya ma suka gano amfaninsa. Kwanakin baya, ana tashi daga Islamiyya bayan la'asar, aka banke wata yarinya 'yar shekara 6, hannunta ya karye, mahayin ya yar da keken a kwata ya tsere. Mahaifinta ya kira lambar. Aka ce masa bayanan abokin ciniki sirri ne, ya je ya samo takarda.

To, Allah ya ja zamaninka, ga inda abin ya ɗaure mana kai. Kowane keke yana ɗauke da na'urar bin sawu, mai nuna inda ya bi, inda ya tsaya da tsawon tsayuwar. Kafin a yi maka rajista sai ka ba da lambar waya da lambar NIN. Sirrin da aka hana uban yarinyar da aka karya, shi ne wani matashi mai yi wa kamfanin aiki ya tare wata budurwa da shi, yana lissafa mata gidan da ta je jiya da mintunan da ta yi a ciki. Gidan gwaggonta ne, amma kowa ya san abin da irin wannan magana ke jawo wa 'ya mace in ta shiga bakin gari. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, akwai hukumar NDPC da ke kula da ita. Muna roƙo a sa kamfanin ya faɗa a rubuce: su wa ke ganin waɗannan bayanai, har tsawon wane lokaci ake ajiye su, kuma ta wace hanya za su isa hannun 'yan sanda da sauri idan an yi ɓarna.

Babbar damuwarmu dai batir ce. Shagon da ake cajin yana manne da na mai sayar da katifa, ga mai tuyar ƙosai a ƙofa, wayoyi a sarƙe kamar saƙar gizo. Masu gyaran lantarki a cikinmu sun ce batirin litiyam in ya kumbura da zafin bazara ya kama da wuta, ko an ɗauka ta mutu tana iya sake tashi. Wasu kekunan kuma batirin dalma ne a jikinsu. Batiran da suka mutu, 'yan jari bola ake sayar wa. Da idonmu mun gan su a filin bayan firamare suna fasawa da guduma, su tuttular da ruwan batirin a ƙasa, su narka dalmar a gwangwani. Wurin ya yi fari fat, ko ciyawa ba ta fita. Da damina ruwan filin cikin kududdufi yake gangarawa, inda awaki ke sha, yara ke kamun tarwaɗa, ga rijiyoyinmu a kusa.

Dalma ba ta wari, ba ta kayar da yaro nan take. A hankali take taruwa a jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai a ce yaro ba ya gane karatu. Ba mu manta da Zamfara ba, a 2010, inda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga niƙan dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta fitar da ƙa'idojin batir a 2024, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da shi alhakin karɓar tsohon. Kamfanin da ya san ƙofar da 'yarmu ta tsaya ba zai ce bai san inda mataccen batirinsa ya kwana ba.

Don haka muke roƙon Mai Girma ya kira masu kamfanin fada, gaban Dagaci da jami'in lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. A ɗauke wurin cajin daga tsakiyar shaguna. A daina sayar da tsohon batir a unguwa, a killace filin bayan firamare har ƙwararru su duba ƙasarsa da ruwan rijiyoyin kusa. A rage gudun kekunan a cikin lungu, tunda daga ofis ake saita shi, a rufe rajistar duk wanda ya ba yaro aro. Sannan a ajiye mana wakili mai suna da fuska wanda Mai Unguwa zai iya aikawa a kira. Kuɗin ɗorin yarinyar nan ma har yau mahaifinta ne ke biya.

Hotunan filin da na shagon suna hannun Mai Unguwa, kuma a shirye muke mu amsa kira duk ranar da aka sa.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Kwamitin Mazauna Unguwa, a madadin duk waɗanda suka sa hannu.