Zuwa ga ɗana, a zangonsa na farko riƙe da alli

Assalamu alaikum ɗana,

Ina fatan kana lafiya, aiki kuma yana zuwa da sauƙi. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Tun daren da muka yi waya maganarka take yi mini yawo a rai, na ga gara in zauna in rubuta, don a lokacin ranka a ɓace yake, ni kuma ban so in katse ka ba. Ka ce yaran ajinka ba sa ɗaukar karatu, ka yi bayani har sau uku suka zuba maka ido, sai ka buga tebur ka daka musu tsawa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganarka ta ƙarshe, cewa da aka tashi ka zauna kana tambayar kanka daga ina wannan tsawa ta fito, alhali a kwaleji kai ne mai cewa ba za ka taɓa yi wa yaro haka ba.

Na san inda ta fito. Ranar da ka shiga aji ba kai kaɗai ka shiga ba. Duk malamin da ya taɓa tsayawa a gabanka ya biyo ka, tun daga wanda ya koya maka baƙaƙe har zuwa na ajinka na ƙarshe a sakandare. Ni ma ina cikinsu, domin ban manta yadda nake ɗaga murya in na zaunar da ku aikin gida ba, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini inda na wuce gona da iri. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai da na shekara uku ina koyarwa kafin in kama kaina ina ƙwanƙwasa allo da alli sau uku, in ce "Kun gane?", in juya in goge kafin kowa ya buɗe baki. Babu wanda ya koya mini haka a kwaleji. Malaminmu na lissafi a firamare, mutumin kirki, Allah Ya jiƙansa, haka yake yi, mu kuma mu amsa da "Eh" baki ɗaya, da wanda ya gane da wanda bai gane ba. Daga baya na ci karo da bayanin wani masanin zamantakewa na Jami'ar Shikago, Dan Lortie, wanda a 1975 ya ƙiyasta cewa kafin ɗalibi ya gama sakandare ya shafe awa kusan 13,000 a zaune yana kallon malamai suna aiki. Wace sana'a ce ake shiga bayan irin wannan dogon kallo? Sai dai kallo ne daga benci. Ɗalibi yana ganin abin da malami ya yi, amma ba ya ganin dalili, ba ya ganin daren da ya raba yana shirya darasi, ko dabarar da ya sauya a tsakiyar aji don ya karanci fuskar wani yaro. Abin da muke gada dai ɓawon ne: tsayuwa, murya, yadda ake zare ido. Shekarun kwaleji 'yan kaɗan ne a gaban waɗancan, shi ya sa in aji ya rikice, lokaci ya ƙure, jiki yakan koma ga abin da ya saba.

Kada ka ɗauka ina raina horon da ka samu. Da ba don shi ba, da ba ka ma zauna kana tuhumar kanka ba, da ka ɗauka haka aikin yake. Horo ne ya ba ka idon da za ka ga wannan gado, ka ware na riƙewa da na yarwa.

Akwai kuma wani kaya da ka shiga da shi, wanda ya fi tsawar damuna. Kai karatu bai taɓa ba ka wahala ba. Ka tashi a gidan da akwai littattafai, in ka yi tambaya akwai mai amsa maka, da an faɗi abu sau ɗaya ka cafke. Yawancin masu zama malamai haka suke, waɗanda makaranta ta karɓa ne. Ba ka san yadda yaro yake ji ba idan ya zauna minti 40 magana tana wucewa ta saman kansa, yana addu'ar kada a kira sunansa. Ka ce ka yi bayani sau uku. Na tabbata hanya ɗaya ka bi sau uku, hanyar da kai ka gane da ita lokacin kana yaro.

Bari in ba ka labarin abin da ya sauya ni. Akwai wata yarinya a ajina da na yi zango guda ina zabga wa littafinta jan biro. In na ba ta 68 a cire 25, sai ta rubuta 43, daidai. In na ba ta 52 a cire 38, sai ta rubuta 26. In 83 ne a cire 47, ta rubuta 44. Tunda wani lokaci tana ci, sai na yanke cewa sakaci ne da rashin natsuwa, har na faɗa mata haka a gaban 'yan'uwanta. Wata rana ina maki a ɗakin malamai, wata dattijuwar malama da ta yi horonta a kan ƙananan azuzuwa ta leƙa littafin, ta yi shiru, ta ce a kira mata yarinyar. Ta jawo ta kusa ta ce, "'Yata, nuna mini yadda kika yi." Yarinyar ta ɗora yatsa a kan 2 da 8 ta ce, "Ai ba a cire babba daga ƙarami, malama, shi ya sa na cire biyu daga takwas." Jikina ya yi sanyi. Dokar da take bi daga bakinmu ta ji ta, kuma ba ta taɓa saɓa mata ba ko sau ɗaya. Malamar ta ɗauko tsinkaye ɗaure goma-goma, ta ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, ta ce ta ba ta takwas. Yarinyar ta duba, ta duba, can sai ta miƙa hannu ta kwance ɗauri ɗaya da kanta. A ranar ta gane abin da ake nufi da aro. Ruwa ba ya tsami banza, ɗana, haka kuskuren yaro.

Na fi malamar nan takardun lissafi nesa ba kusa ba. Abin da take da shi wanda ni ba ni da shi, wani malamin Jami'ar Stanford, Lee Shulman, ya yi bayaninsa a 1986: sanin fanni daban, sanin yadda fannin yake shiga kan mai koyo daban, wato inda yara suka saba tuntuɓe, da misalin da yake kwance ƙullin, da wanda yake ƙara ɗaure shi. Wata mai bincike, Liping Ma, ta fito da abin fili a 1999. Ta kwatanta malaman firamare 23 na Amurka da 72 na Sin a kan tambaya guda: a raba ɗaya da uku bisa huɗu da rabi, sannan a ƙirƙiro ɗan labari da zai nuna wa yaro ma'anar lissafin. A cikin na Amurka mutum ɗaya ne ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai, da yawa sun rikita rabawa da rabi da rabawa gida biyu. A cikin na Sin 65 ne suka iya, alhali shekarunsu na makaranta ba su kai na takwarorinsu ba. Inda suka samo ƙwarewar shi ne zaman da suke yi suna tona littafin darasi dalla-dalla, suna tattaunawa da abokan aiki. Kafin ka ci gaba da karatun wasiƙar nan, gwada ka kawo naka labarin. Nawa shi ne igiya mai tsawon mita ɗaya da uku bisa huɗu, ana yanka ta rabin mita-rabin mita: yanka uku ne da rabin yanka.

Game da zuba maka ido da suka yi kuwa, ina so ka auna wani abu gobe. In ka yi tambaya, daƙiƙa nawa kake jira? Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin darussan kimiyya masu yawa, a farkon shekarun 1970 ta bayyana cewa malami yakan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal kafin ya maimaita, ko ya nuna wani, ko ya amsa wa kansa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu, "ban sani ba" ta ragu. Abin da ya fi sosa mini rai a bincikenta shi ne malamai sun fi jiran yaran da suke ganin masu ƙoƙari ne, wanda suka riga suka yanke masa hukunci kuwa ba sa ba shi ko sakan numfashi. Ka duba wa kake jira a ajinka. Sau da yawa yaron da ya yi kama da kai ne, mai irin maganarka, mai irin gidanku.

Abu na ƙarshe, kada ka rufe ƙofar ajinka. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Da aka ɗauki bidiyon darussan lissafi a Jamus da Japan da Amurka a tsakiyar shekarun 1990, wasu masu bincike biyu, James Stigler da James Hiebert, sun lura cewa malaman ƙasa ɗaya salonsu kusan iri ɗaya ne, ba tare da sun sani ba, don duk a ruwa ɗaya suka yi iyo. A Japan malamai sukan shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya suna lura da yadda yara suke tunani, bayan an tashi su zauna su gyara. Ba sai an kafa muku tsari ba. Nemi wani dattijon malami da yara suke so kuma suke ganewa a wurinsa, ka roƙe shi ka zauna a bayan ajinsa, shi ma ya zauna a bayan naka. In ka je, ka rage kallonsa, ka dubi littattafan yaran da fuskokinsu, sannan ka tambaye shi me ya sa ya yi kaza a lokaci kaza. Waɗannan dalilan ne ba ka gani ba duk shekarun da kake benci.

A makon nan ka ware littattafan yara biyar da suka fi faɗuwa. Kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba, ka ajiye jan biro, ka ce kowa ya nuna maka yadda ya yi. Rubuta abin da suka faɗa da kalmominsu, ka aiko mini. In ka zo hutu ka taho da littattafan mu duba tare, har yanzu idona yana ganin rubutun yara. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi mu.

Mahaifinka